Ciwon da gwajin asibiti bai gano ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune da iyalina a Agege. Tun bayan rasuwar mahaifiyarta a Kano, maiɗakina take fama da zafi a tsakiyar ka, da faɗuwar gaba, da jin kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fatarta. An yi mata gwajin jini da hoton ƙirji da na ciki, aka ce ba a ga komai ba, sai dai a ba ta maganin taifod da na zazzaɓin cizon sauro. Wasu 'yan'uwa sun ce jifa ne, wasu kuma sun ce raki ne kawai. Mene ne gaskiyar lamarin?
Wani mai karatu daga Agege, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan surukarka, Ya ba maiɗakinka lafiya. Malam, ka fara cire maganar raki daga ranka, domin zafin da take ji na gaske ne, kuma babu abin da ke ƙara wa irin waɗannan majinyata ƙunci kamar a ce musu ƙirƙira suke yi.

Ka tuna yadda jikinka ke yi idan motar haya ta danfo ta kusa banke ka a bakin titi: zuciya ta hau bugu, baki ya bushe, gumi ya keto, alhali ko ƙwarzane ba ka samu ba. Ƙwaƙwalwa ce ta hango haɗari, ta sa jiki ya saki sinadarin adiranalin. Idan baƙin ciki ko fargaba suka daɗe a zuciyar mutum, wannan shiri na ko-ta-kwana ba ya lafawa, jijiyoyi su ɗaure, barci ya gagara, har ƙwaƙwalwa ta riƙa kambama kowane ɗan motsi na jiki ta mai da shi ciwo. Gwajin jini da hoto suna neman ƙwayar cuta ne ko gaɓar da ta lalace, shi ya sa suke fitowa lafiya lau.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan larura a ƙasarmu. A 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, ya yi bayanin ɗaliban kudancin Nijeriya masu kukan zafin kai da jin abu na tafiya a cikin kan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa irin wannan ciwo gurbi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Maganar taifod ɗin nan tana damuna ƙwarai. Gwajin Widal da aka saba yi yakan nuna cutar ga wanda ba ya ɗauke da ita, don haka ake ta ɗirka wa mutane maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, kuɗi na ƙarewa, ciwo na nan daram.

Shawarata ita ce ku tsaya ga likita guda wanda zai san tarihinta, ya tabbatar an duba hawan jini, da suga, da ƙarancin jini, da sinadarin maƙoƙo, sannan ya tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya zautu. Jinyar ta haɗa da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci da maganin damuwa, wanda yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa. Kada ta daina sha ba da iznin likita ba, kada kuma a sayo mata maganin barci a kemis. Addu'a ba ta hana wannan jinya, ku haɗa su biyun. Amma idan ta fara rama, ko zazzaɓi mai naci, ko tari da jini, a koma asibiti nan take.

Kai ma kana da rawar takawa. Macen da ta rasa uwa tana nesa da danginta, mijinta kuma ya fita tun asuba sai dare, tana buƙatar wanda zai zauna ya saurare ta. Ranar ganin likita, idan Turanci ko Yarbanci na ba ta wuya, ta tafi da wata mace da ta amince da ita don ta yi mata tafinta, domin akwai abin da kunya ba za ta bari ta faɗa a gabanka ba.