Amsa: kwamfutar shagon buga takardu a Aboabo

Ɗan'uwa, sannu da aiki. Ka ce kwamfutar shagonka ta yi nauyi tun da mutane suka fara kawo filas (ɗan abin ajiyar fayiloli da ake sokawa a kwamfuta) ana buga musu takardu, kana tambayar wace manhajar riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta za ka saya. Ni dai kar ka kashe ko sidi ɗaya tukuna. Microsoft Defender, riga-kafin da ke cikin Windows, ya wadatar, muddin kana barinsa yana sabunta kansa. Sai dai ka duba wane Windows ke kan kwamfutarka, domin tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10, wato ta daina sabunta shi kamar da.

Filas ɗin nan ita ce ƙofar ɓarawo. In da hali, ware tsohuwar kwamfuta domin bugu kaɗai, lissafin shago da harkar MoMo (tura kuɗi ta waya) su zauna a wata daban. Duk Juma'a ka kwafe lissafin a faifan ajiya na waje, ka zare shi, domin ƙwayar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa har faifan take kamawa in ta same shi a jone. Haka na rasa littafin bashin wata uku, har yau ina jin haushi.

In an damfare ka, kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana.