Amsa ga mai tambayar fataucin kaya daga Kurmi zuwa Jos

Salamu alaikum 'yan group. Ɗan'uwan da ya tambaya ko sayo kaya daga Kurmi ta jihar Taraba a kawo Jos zai biya shi, to bari in ɗan tofa nawa tunda na daɗe ina bin hanyar.

Kurmi dai sunanta ya bi ta, daji ne mai duhu da tsaunuka da rafuka, ga iyaka da Kamaru ta wajen Abong, hedikwatar ƙaramar hukumar kuma Baissa. Ruwan sama ya fi na nan Jos daɗewa nesa ba kusa ba, shi ya sa kwakwar manja da koko da ayaba da agade ke yi sosai. Ƙabilun Ndola da Tigun da Ichen ne mafi yawa, amma da Hausa za ka yi cinikinka lafiya lau.

Sai dai fa malam kar arhar kaya ta ruɗe ka, hanya ce ke cinye riba. Za ka sayi manja a ƙauye da sauƙi kana ta murna, to ɗan acaɓa ne zai ɗaure jarka huɗu ko biyar a bayan mashin ya fito maka da su inda mota ke iya zuwa, in ruwa ya sauka rafi ya cika kowa zama yake a bakin gaɓa har ya janye, ga kuɗin lodi ga na shingaye, in ka biyo ta Wukari kuma sai ka jira fito a Ibi don babu gada a kan kogin Binuwai, ko ka zagaya ta Makurdi da Lafiya. Ni da rani kawai nake zuwa, lokacin ma manja ya fi yawa. Ka riƙa buɗe kowace jarka kana zura sanda har ƙasa, wani lokacin ruwa ne kwance a gindi.

Katako kam ban ba ka shawara ba. Lokacin da aka yi rububin madobiya, wadda suke ce wa madrid ana kaiwa Chaina, an yi wa dajin Taraba aski sosai, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Yanzu sai takardu da rigima da ma'aikatan gandun daji.

Ka fara da jarka kaɗan, ka nemi mai masauki a Baissa wanda ya san mutanen ƙauyukan, kuma don Allah kar ka ba da kuɗi kafin ka ga kaya da idonka. Allah ya sa albarka.