Fayiba, wayar jan ƙarfe ko eriya: wanne ya dace da rukunin gidajenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin wani rukunin gidaje a wajen Arkilla, cikin Sakkwato. Gidaje 60 ne, daga get zuwa gida na ƙarshe ya kai mita 700. Sayen data a waya ya ishi kowa, sai muka shawarta mu haɗa kuɗi mu jawo intanet ɗaya mu raba. Mutum uku sun kawo mana farashi. Ɗaya ya ce a ja wayar Cat6 gida-gida, ɗaya ya ce fayiba, na uku ya ce a kafa eriya a kan tankin ruwa ta watsa wa kowa. Na eriya ya fi araha nesa ba kusa ba. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tsakanin gida da gida ku ja fayiba. Wayar jan ƙarfe ku bar ta a cikin ɗakuna, nan ne muhallinta.

Mai Cat6, wato wayar jan ƙarfe, shi zan fara sallama. Wannan waya ba ta kai saƙo lafiya fiye da mita 100, ƙa'idar ƙirarta ke nan, kuma ba gwanintar ma'aikaci da za ta ƙara mata tsawo. A mita 700 sai an dasa suwic, wato na'urar da ke karɓar saƙo ta miƙa shi gaba, aƙalla shida a kan hanya, kowanne yana neman wuta da inuwa, in ɗaya ya mutu duk gidajen da ke gaba da shi sun mutu. Ga kuma damina. Jan ƙarfen da aka shimfiɗa daga wannan gini zuwa wancan hanya ce aka share wa tsawa: ba sai ta faɗa kan wayar ba, ta sauka kusa kawai ya isa ta ƙona rauta (na'urar Wi-Fi) da talabijin a gidaje da dama lokaci guda. Fayiba zaren gilashi ce, haske ke bi ta ciki, lantarki ba ya bin ta. Su ma 'yan jari-bola ba abin da za su samu a jikinta, sai dai wani ya yanka bisa jahilci yana zaton jan ƙarfe ne.

Maganar eriya ta fi wannan ƙarfi, kuma arahar gaskiya ce. Amma ku tambayi mutumin me yake nufi. In Wi-Fi ɗaya zai ɗora kan tanki ya ce wayar kowa ta kama daga cikin ɗaki, ku ba shi haƙuri. Gidajenmu bulo ne da siminti, ga doguwar katanga, ga rufin kwano, ga get na ƙarfe. Sigina mai 5 GHz kan raunana sosai bayan bango ɗaya ko biyu, mai 2.4 GHz ya fi ratsawa amma yana da cunkoso. Ko da wayarka ta ji eriyar, ita eriyar ba lalle ta ji amsar wayarka ba. In kuwa kowane gida za a sa masa ƙaramin faifai a kan rufi yana kallon tankin, wannan yana aiki, da sharaɗin su ga juna ido da ido. Mutane kan ɗora wa hazon hunturu laifi, alhali hazo bai cika damun irin wannan sigina ba. Abin da ke ɓata shi dogon yaro ne da ya ƙara reshe, da maƙwabcin da ya ɗora bene, da iskar farkon damina da ke karkatar da faifai ɗan kaɗan, sai a wayi gari gida biyar ba sabis. Gida goma ko goma sha biyar, ko 'yan haya da ba su san ranar tashi ba, zan ce su yi eriya. Gida 60 na masu zama dindindin, a'a.

Tsarin fayiba da ya dace da ku shi ne GPON. Na'ura ɗaya mai suna OLT tana zaune a ɗakin mai gadi ko ofishin kwamiti. Zare ɗaya ya fita daga cikinta, a raba shi gida 32 ko 64 da ɗan akwatin raba haske wanda ba ya cin wuta ko kaɗan, kowane gida a sa masa ONU, ƙaramar na'urar da ke karɓar fayibar, daga nan Wi-Fi na gidan ya ɗauka. Tsarin yana kaiwa kilomita 20, kuma zare ɗaya yana sauko da kusan gigabit 2.5 a daƙiƙa. Tsakanin get da gidajenku babu na'urar da za ta jira wutar Kaduna Electric.

Shi zaren ba shi da tsada. Kuɗin yana tafiya ne a tono da bututu da hannun mai haɗawa, kuma a nan ake yi wa kwamiti ƙwange. Kada ku yarda a binne waya tsirara. A sa ta cikin bututun roba mai kauri, zurfi ya wuce rabin mita, a shimfiɗa leda mai launi a samansa don mai tonon famfo ko sokawe ya ga alama kafin diga ta kai. Ɓera yana cin fayiba, saboda haka a sayi mai sulke. A bar ramukan dubawa a kowace kwana, da ɗan rarar waya a naɗe a ciki. In ta tsinke ba a ƙulla ta da salatif, sai da injin narka gilashi, don haka tun kafin ku biya ku ji ko ɗan kwangilar yana da injin a cikin gari ko sai an aiko daga Kano. Ya kuma ba ku taswirar inda waya ta bi, a takarda. Ƙura ma abokiyar gaba ce: ɗan ƙwayar ƙasa a bakin mahaɗi ya isa ya kunna jar fitilar LOS, alamar yankewar sigina, a jikin ONU. A gargaɗi yara kada su zare wayar su leƙa cikinta, hasken ba ya ganuwa amma yana cutar da ido.

Zafin Sakkwato kuma ba a yi masa wargi. Yawancin ƙananan suwic da rauta an ƙera su ne su yi aiki zuwa digiri 40, ku kuwa a watan Afrilu kuna wuce hakan a inuwa, balle a akwatin ƙarfe da rana ke duka. OLT ɗin ya samu ɗaki mai iska, da sola da batirinsa na kansa. Batir mai ruwa yana saurin tsufa a zafi, lityum ya fi juriya in aljihu zai ɗauka.

Saura abin da babu wanda ya taɓo cikin mutanenku uku, wato abin da zai shigo ta get. Fayiba bututu ce kawai, ba ta ƙara ruwan da ke cikin tanki. Bidiyo mai kyan hoto yana cin kamar megabit 5. In kun sayi megabit 100, mutum 20 suka kunna kallo bayan isha'i, an cinye. Ku tambayi kamfanonin da ke da lasisin NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, ko fayibarsu ta iso kusa da ku, kuma a rubuta a yarjejeniya ko layin naku ne ku kaɗai ko na tarayya ne. In ba ta iso ba, a nan eriya take da rana: faifai ɗaya daga hasumiyar kamfani zuwa get ɗinku, daga get fayiba ta raba. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya a 2023, amma tsarinsa na gida ɗaya ba a yi shi don a raba wa unguwa ana karɓar kuɗi ba. Sayar da intanet ma a Najeriya yana buƙatar lasisi, saboda haka ya fi muku sauƙi ku mallaki bututu da waya, kamfani mai lasisi ya riƙa kawo sabis yana karɓar kuɗin wata daga kowane gida. A rubuta cewa wayar taku ce, don ranar da kuka so canza kamfani kada a ce sai kun sake tono.