Firinta Ta Ƙi Buga Takardu

Tambaya: Tsohuwar kwamfutata mai Windows 7 tana tara takardun da na tura wa firinta, ba sa fitowa, kuma sun ƙi goguwa. Ina mafita?

Amsa: Galibi takarda ɗaya ce ta lalace ta tare layi, sauran suka maƙale a bayanta. Ka buɗe services.msc, wato tagar da ake kunna ko tsayar da manhajojin Windows masu aiki a bayan fage, ka nemo Print Spooler, wato manhajar da ke jera ayyukan bugawa, ka tsayar da ita. Sannan ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge abin da ke ciki, amma ka bar foldar kanta, sai ka sake kunna manhajar. Idan matsalar ta dawo, a ganina direban firintar ne ya lalace, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, gara ka cire shi ka sa sabo.