Hukuncin biyan kuɗi a kartar foka bisa lissafi

Tambaya: Malam, ina buga kartar foka a waya, da kuɗi kaɗan. Idan ina da kati huɗu masu alama ɗaya, ina jiran na biyar, sai na lissafa kafin in biya. Ashe wannan ba ƙwarewa ba ce maimakon caca?

Amsa: Ɗana, hukuncin yana cikin "da kuɗi kaɗan" da ka faɗa. Duk wasan da kowa zai zuba kuɗi, wanda ya ci ya kwashe na saura, caca ce, haramun bisa ijma'i, ko naira ɗari ce.

Maganar ƙwarewa ita ce shubuhar da ke ruɗin matasa, don haka mu bi lissafin naka. Kati 52 ne, kowace alama 13. Ka ga huɗu daga alamarka, saura 9. Idan kati ɗaya ya rage a buɗe, ka riga ka ga shida (biyu a hannunka, huɗu a kan tebur), waɗanda ba ka gani ba 46 ne: 9 naka, 37 na faɗuwarka. A ce akwai naira 5,000 a tsakiya, aka nemi ka biya 1,000. Lissafi zai ce ka biya, tunda ci ɗaya cikin shida ya ishe ka mayar da kuɗinka, kai kuma damarka kusan ɗaya cikin biyar ce. To ka biya daidai, amma kusan sau huɗu cikin biyar za ka yi asara. Ƙwarewarka ta auna haɗarin ne kawai, ba ta da iko a kan katin da zai fito. Wani lokacin ma katin ya zo, abokin wasa ya fi ka da babba a alamar.

Ko da wasan gwaninta ce zalla, hukuncin bai canza ba. Dara ba ta da sa'a, amma idan 'yan wasa suka zuba kuɗi ta haramta. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya taƙaita gasar lada ga harbi da tseren raƙuma da dawakai. Kuma ribar gwani aljihun marar gwaninta take fitowa, bayan masu manhajar sun cire kasonsu.

Ka cire uwar kuɗinka yau, ka goge manhajar. Abin da ka ci ka mayar wa masu shi idan ka san su, in ba haka ba ka bayar ga mabuƙata. Kada ka ce sai ka dawo da asararka tukuna, nan bashi ke farawa. Idan har ka ci bashi saboda wasan, ka sanar da mahaifinka ko wani babba da ka yarda da shi. Wallahu a'alam.