Daga Maraɗi zuwa Antatika ta jirgin ruwa: sanyi, kuɗi da maganar sallah

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, shekaruna 58. Ɗana da ke karatu a waje ya turo mini bidiyon jirgin ruwan da ke kai masu yawon buɗe ido ƙasar ƙanƙara ta Antatika, tun ran nan abin ya shiga raina. Shin mutum irina, da ko hunturun Maraɗi yana takura masa, zai iya jure sanyin can? Nawa tafiyar take ci? Kuma an ce rana ba ta faɗuwa, to yaya zan yi da sallah? Ina da hawan jini, amma ina shan magani.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe. Sanyin da ka sa a gaba shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abu biyu nake so ka fi ba muhimmanci: tekun da za a ratsa, da nisan wurin daga asibiti.

Jiragen nan ba sa zuwa tsakiyar nahiyar, inda aka auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifili a tashar bincike ta Vostok a 1983. Inda suke zuwa shi ne zirin ƙasar da ya miƙo ya fuskanci Kudancin Amurka, tare da tsibiran Shetland ta Kudu, kuma daga Nuwamba zuwa Maris kaɗai, lokacin bazarar can. A watannin nan ma'aunin zafi yana yawo ne a kusa da sifili, wani lokaci ya ɗan haura, wani lokaci ya ɗan sauka. Iska ce ke sa abin ya yi cizo, musamman idan kana zaune a kwale-kwale ruwa na fantsamo maka. Maganinta sutura hawa-hawa: ta ulu mai kama jiki daga ciki, mai kauri a tsakiya, sannan riga da wando da ruwa ba ya ratsawa. Shadda da duk wani kayan auduga ka bar su don zaman cikin jirgi, domin auduga idan ta jiƙe da gumi riƙe sanyi take yi a jikin mutum. Kamfanoni da yawa suna ba da babbar rigar sanyi, su ara maka dogon takalmin roba. Kada ka manta da tabarau mai duhu da man kare fata. Hasken rana yana dawowa daga ƙanƙara ya bugi ido, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa a can.

Hanya kuwa doguwa ce. Daga Maraɗi sai Yamai, sama da kilomita 600 a mota, sai jirgin sama ta Addis Ababa ko Istanbul zuwa Buenos Aires, babban birnin Ajantina. Daga nan wani jirgin na kimanin awa uku da rabi zuwa Ushuwaya, garin da ke can ƙarshen kudancin ƙasar, inda akasarin jiragen ruwan ke tashi. Antatika ba mallakin kowace ƙasa ba ce da za ta ba ka biza, yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ce ke tafiyar da ita. Amma mai fasfon Nijar yana buƙatar bizar Ajantina, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Ka fara da wannan kafin ka biya kuɗin da ba a mayarwa.

Yanzu ga teku. Tsakanin Kudancin Amurka da Antatika akwai mashigin Drake, faɗinsa wajen kilomita 800 a inda ya fi matsewa, kuma jirgi yana cin kwana biyu a zuwa, biyu a dawowa. Dalilin haukarsa shi ne iskar yamma da igiyar ruwa suna kewaya duniya gaba ɗaya a wannan yanki ba tare da wata ƙasa ta tare su ba, sai a nan hanya ta tsuke musu. Wani lokaci za a tarar da shi kwance lafiya lau. Wani lokaci kuma za ka ga ma'aikata sun jiƙa mayafin tebur don kada faranti su zame, kujeru ɗaure da sarƙa a ƙasa, an soke ledojin amai a jikin ƙarfen da ake dafawa a kowane lungu. Ka kwanta gado yana mirgina ka daga bango zuwa baki. Ba wanda zai iya gaya maka tun daga Maraɗi wanne za ka samu. Akwai maganin jiri da ake mannawa a bayan kunne, yana aiki, sai dai bai dace da mai hawan jinin ido ko matsalar fitsari ta manyan maza ba, saboda haka likitanka ne zai zaɓa maka. Wanda ba ya son ratsa mashigin sam yana iya hawa jirgin sama daga Punta Arenas ta ƙasar Chile zuwa tsibirin King George cikin kimanin awa biyu, ya tarar da jirgin ruwa a can. Ya fi tsada, hazo kuma yakan hana tashi har a yi ta jira.

Hawan jininka shi ya sa na ce nisa. A cikin jirgin akwai likita da ɗan ɗakin magani, amma ba asibiti ba ne. Idan ciwon zuciya ko shanyewar jiki ya taso, sai jirgin ya juya da kowa da kowa zuwa filin saukar da ke King George, a jira yanayi ya bari jirgin sama ya sauka, sannan a kai mutum Chile. Wannan yana iya ɗaukar kwanaki, kuɗinsa kuma dubun-dubatar dalolin Amurka ne. Shi ya sa kamfanonin ba sa ɗaukar fasinja sai da inshorar kwashe mara lafiya, da takardar bayanin lafiya. Ina roƙonka Alhaji, kada ka ɓoye komai a takardar nan don gudun a hana ka. Hawan jinin da magani ya daidaita ba ya hana tafiya, akwai waɗanda suka girme ka da yawa da suke zuwa. Abin da ake dubawa shi ne ko za ka iya sauka matattakala mai santsi ka shiga kwale-kwalen da ruwa ke ɗagawa yana saukewa. Kuma haɗari na gaske yana nan: a Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya bugi ƙanƙara ya nutse, mutane 154 da ke ciki suka shafe sa'o'i a ƙananan jiragen ceto kafin a kwashe su, Allah ya sa babu wanda ya rasu.

Zaɓen jirgi shi ne inda mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Ƙungiyar kamfanonin da ke kai baƙi Antatika, IAATO, wadda aka kafa a 1991, tana aiki da ƙa'idar cewa mutum 100 kaɗai ke taka ƙasa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, da jagora ɗaya ga kowane mutum 20, kuma jirgin da ya ɗauki fasinja sama da 500 ba ya sauke kowa. Wato idan ka ga tallar ƙaton jirgi mai arha, to daga bene za ka hango ƙanƙara ka dawo. A nawa ganin, wanda ya taso tun daga Maraɗi ya nemi jirgin da fasinjansa ba su wuce 200 ba, in da hali ma ƙasa da haka, kuma ya tabbata kamfanin ɗan ƙungiyar ne.

A irin wannan jirgi, tafiyar kwana 10 zuwa 12 tana ba ka kamar kwana huɗu ko biyar a Antatika kanta. Da safe a kira rukuninku, ku sa rigar ceto, ku taka cikin ruwan magani, ku gangara zuwa kwale-kwalen roba mai inji da ake kira Zodiac, matuƙi ya kama ka a tsintsiyar hannu ya zaunar da kai. Kafin ka ga tsuntsayen fengwin hancinka zai sanar da kai, domin kashinsu mai launin ja-ja yana da ƙarni ƙwarai. Ba a matsarsu ƙasa da mita 5, kuma idan hanyarsu ta ratsa taka kai ne za ka tsaya su wuce. Ba a sauka da abinci, ba a ɗaukar ko tsakuwa, babu bayan gida a tudu. Saboda barazanar murar tsuntsaye an hana zama ko durƙusawa ko ajiye jaka a ƙasa. Bayan an dawo a goge takalmi da buroshi har cikin tsagar tafinsa. Duk abin da aka rubuta a jadawali kuma niyya ce kawai. Za a iya cewa gobe sai mashigin Lemaire ko tsibirin Deception, a wayi gari ƙanƙara ta toshe hanya, kyaftin ya sauya wuri, kuma ba a mayar wa kowa ko tamma. Ɗan kasuwar da ya saba idan ya biya a ba shi abin da ya saya sai ya shirya wa wannan zuciyarsa.

Kuɗin jirgin ruwan kaɗai, a ɗaki mafi arha da za ka raba da wasu, yakan fara ne daga wajen dalar Amurka 6,000 zuwa 8,000, ɗaki mai kyau kuma ya wuce 10,000 cikin sauƙi. Don ka auna da kuɗinmu, yuro 10,000 ya haura sefa miliyan shida da rabi. Ba a sa tikitin jirgin sama da biza da inshora da masauki da sutura ba.

Maganar sallah. Rana tana ƙin faɗuwa gaba ɗaya ne kudu da layin da ke kan digiri 66 da rabi, a kusa da 21 ga Disamba, kuma yawancin jiragen ba sa kaiwa can. A inda za ku yi yawo rana tana faɗuwa na ɗan lokaci, don haka magariba tana nan, sai dai jan sararin ba ya gushewa har gari ya sake wayewa. Alamar isha'i da ta asuba ce ke ɓacewa. Malamai sun yi maganar wannan tuntuni, suna kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka umarci sahabbai su ƙaddara lokaci a ranar da ta yi tsawo. Mafi yawa sun ce a bi lokacin wuri mafi kusa da alamomin suke bayyana, wasu suka ce a bi na Makka. Ni ba mai fatawa ba ne, don haka ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ku tsayar da hanya ɗaya ka rubuta a takarda, domin manhajar waya takan ba da lokutan da ba su da kan gado a wuraren nan. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru. Alƙibla daga zirin tana gabas, kuma a jirage da yawa ana barin fasinja ya shiga ɗakin tuƙi, inda ma'aikaci zai nuna maka ina jirgin ya fuskanta. Tunda an hana sa gwiwa a ƙasa, sallarka a cikin jirgi za ta kasance, sauka tudu kuwa ba ta cika wuce awa biyu ko uku ba. Ka kuma duba kalanda, domin daga 2026 zuwa 2030 azumi yana faɗowa ne tsakanin Janairu da Maris, a tsakiyar lokacin tafiyar, ga kuma yini mai tsawon gaske. Nuwamba ko farkon Disamba zai fi maka.

Abinci ka sanar da su tun wajen biyan kuɗi cewa ba ka cin alade ko abin da aka dafa da giya. Naman yanka da wuya ka samu, amma kifi da ƙwai da kayan lambu suna nan a wadace. Kilishi da sauran nama ka bar su a gida, za a karɓe a filin jirgi. Ka isa Ushuwaya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara, kuma maganin hawan jininka, da ƙarin na mako guda, ya kasance a jakar hannunka.