Sifanar Hagu, Man Sigina da Teburin Aiki na Gareji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni malamin makaranta ne a Mabera, nan cikin Sakkwato. Ina ɗan taɓa gyaran babur ɗina da janareta a garejin gida, kullum a tsugune, har baya ya fara ciwo. Na je wurin kanikawan unguwarmu neman shawarar yadda zan haɗa teburin aiki. Ɗaya ya ce, "Malam, teburin naka silinda nawa kaka so?" Suka rubuta mini angul (dogon ƙarfe mai kusurwa) inci 2, filet (farantin ƙarfe), bayis (abin matse ƙarfe a kan tebur), noti mai zaren hagu, sifanar hagu, kumfar filam ta ajiya, man sigina rabin lita da bokitin tartsatsi, wai kuma in an gama a kawo shi alaimen da balansin. Ina juya baya na ji dariya. Wanne ne gaskiya a ciki, kuma yaya ake haɗa teburin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya raba ka da ciwon baya. Ka kwantar da hankalinka, ba raina ka suka yi ba. A gareji ba a zolayar baƙon da ake tsoro ko wanda ake so ya yi saurin tafiya. Wanda aka sake da shi ake ja. Mu nan ƙasar mun saba da irin wannan, Bagobiri da Bayarabe ba sa haɗuwa su rabu ba a yi barkwanci ba, haka Bafulatani da Babarbare. Kanikawa da masu walda su ma suna da nasu, sai dai da sunayen kayan aiki suke yin sa. Kuma takardar da suka ba ka an tsara ta da wayo, domin kusan rabinta gaskiya ce.

Hanyar tacewa ɗaya ce: duk abin da aka ambata, ka tambayi kanka aikin da yake yi. Sigina ƙwan fitila ce da waya da ɗan na'urar da ke sa ta kyaftawa, babu inda mai zai shiga, don haka man sigina babu shi. Abin da ke sa a yarda shi ne yana kama da 'yan'uwansa na gaske, man birki, man giya, man sitiyari, ruwan batir. Sifana kuwa baki ne da ke kama kan noti, ko ta wane ɓangare ka murɗa, saboda haka ba ta da hagu ba ta da dama. Amma noti mai zaren hagu akwai shi. Yana nan a fedar hagu ta keke, a kan farfelar fanka mai tsayuwa, a gefen hagu na injin wasa ƙarfe da ake ɗaurewa kan tebur, da kuma bakin tulun gas ɗin walda mai kamawa da wuta, inda za ka ga an yi wa notin tsaga a jiki don a gane shi. A keke da fanka ana yin haka don juyawa kada ta kwance shi, a gas kuma don kada a haɗa tiyon wani tulu da na wani. Teburinka dai ba ya bukatarsa.

Kumfar filam, wato ma'aunin da magina ke duba daidaiton shimfiɗa da shi, a rufe take cikin 'yar kwalba mai ruwa, ba a sayar da ita daban. In kana shakkar filam ɗinka, ɗora shi wuri ɗaya ka duba inda kumfar ta tsaya, sannan ka juya shi, kai ya koma gindi, ka sake dubawa. In ta tsaya daidai inda ta tsaya da farko, lafiyarsa ƙalau.

Abu ɗaya ne ba na so a wannan wasa, kuma ina faɗa wa duk oga mai yara a hannunsa. A tura ɗan koyo mai shekara 12 neman bokitin tartsatsi a ƙasa, da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, wannan ya tashi daga wasa. A aike shi rumfar maƙwabci, a yi dariya, sannan a zaunar da shi a nuna masa dalilin da ya sa abin ba ya yiwuwa. Yaron da aka yi wa haka ba ya mantawa da darasin.

To, tebur. Fara da tsayi, tunda bayanka ne ya kawo maganar. Ka miƙe tsaye da takalmin da kake aiki da shi, ka saki hannu, a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunka. Ga yawancin mutane yana faɗawa tsakanin santimita 85 da 95. Akwai awo na biyu da ya fi muhimmanci ga mai goge ƙarfe da yanka: in an ɗaura bayis, saman bakinsa ya zo daidai gwiwar hannunka. Ka sayi bayis ɗin tukuna, ka auna tsayinsa, sannan a yanka ƙafafu. Da yawa suna yin akasin haka, su ƙare da ɗage kafaɗa duk yini.

Ga garejin gida, saman tebur mai tsawon santimita 150 da faɗin 70 ya isa. Kada faɗin ya wuce haka in zai jingina da bango, don hannunka ba zai kai ƙarshensa ba, wurin ya zama matattarar tarkace. Firam ɗin a yi shi 140 da 60, domin filet ya fito da santimita 5 ta kowane gefe, ka sami inda za ka maƙala abin matsewa. Angul inci 2 da suka rubuta daidai ne, amma ka nemi mai kaurin milimita 5, kuma ka auna da kanka a wurin mai sayarwa, saboda akwai marar kauri da ake kira da suna ɗaya. Firam na sama, 'yan tsakiya biyu, ƙafafu huɗu da firam na ƙasa za su ci kusan mita 13. Sanda uku za su ishe ka har da ragowa, kuma ragowar tana da aiki.

Filet mai kaurin milimita 6 a wannan girma nauyinsa kusan kilo 50 ne, buhun siminti guda ke nan, angul ɗin ma kusan haka. Ka ga teburin ya doshi buhu biyu. Kada nauyin ya dame ka, shi ake nema. Tebur marar nauyi yana bin ka duk lokacin da ka ja noti mai taurin kai a bayis, kuma yana shanye ƙarfin guduma. Filet na milimita 3 ya fi araha, amma wata ɗaya ana bugu a kai zai lotsa. Araha ba ta ado.

Yanzu alaimen da balansin, inda nake ganin wanda ya rubuta takardar ya san aikinsa, don a cikin zolayar ya ɓoye shawara. Kafin mai walda ya ƙone firam gaba ɗaya, ya ɗan ɗiga walda a kusurwoyi, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ɗaya ɓangaren. A firam na 140 da 60 kowanne zai ba da santimita 152 da ɗan ɗoriya. In sun bambanta, firam ya karkace, a buga shi ya daidaita tun walda ba ta yi yawa ba. In babu sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, auna 30 daga kusurwar a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tsakaninsu ya zama 50 cif. Alaimen ɗin ke nan. Walda tana jan ƙarfe in tana hucewa, saboda haka kada ya gama kusurwa ɗaya kaf ya koma wata, ya riƙa zagayawa. Filet ɗin ma ba a yi masa walda a jere. Ɗan tsawon yatsa nan, a tsallake taƙi guda, a sake, duk ta ƙasa. In aka zuba masa wuta a jere zai bankare, kuma ba ya komawa. Ilaktirod, wato tsinken walda, geji 10 ya dace da wannan kauri.

Balansin kuma, daɓen gareji da wuya ya zama shafe ɗaya, ƙafa huɗu kuwa ɗaya takan yi lilo. A liƙa ɗan farantin ƙarfe mai huda a gindin kowace ƙafa, a yi wa noti na milimita 16 walda a kai, a murɗa bolti ta ƙasa kansa ya taka daɓe. Da sifana 24 za ka ɗaga ko ka sauke kowace ƙafa har kumfa ta tsaya tsakiya, sannan ka ɗaure da noti na biyu. Ragowar angul ɗin nan a gicciya ta a baya da gefuna, daga saman wata ƙafa zuwa gindin wata. Murabba'i yana iya lanƙwashewa, mai kusurwa uku ba ya yi. Wannan gicciye shi ke hana tebur rawa, fiye da kaurin ƙafa.

Bayis a ɗora shi a kusurwa, daidai saman ƙafa, ta dama in kai ba bahago ba ne. Bakinsa na baya ya ɗan leƙo gaban tebur, yadda dogon ƙarfe zai sauka ƙasa ba tare da ya tokari gefe ba. A huda filet a ɗaure shi da bolti na milimita 12 da wosha. Kada ka yarda a yi masa walda, domin yawancinsu ƙarfen zubi ne, wuta na tsaga shi.

In kuɗin filet ya yi yawa, a shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 18 ninki biyu, a sa ɗan guntun filet ƙarƙashin bayis kawai. In katako za ka saya wurin 'yan katako, ka sani yawanci daga kurmi yake zuwa da ɗanyensa, iskar hunturunmu kuwa ba ta da tausayi: zai tsuke, ya tsage, ƙusoshi su saki. Ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani na wasu makonni kafin a taɓa shi, kuma kada ya taɓa ƙasa saboda gara. Ni na fi son rabi da rabi, ƙarfe ta wajen bayis, katako ko roba ta ɗaya gefen don kafireto da batir. Batir a kan tsiraicin ƙarfe hatsari ne, sifana ɗaya ta faɗo a kan kawunansa sai wuta.

Firam ɗin a goge shi a shafa jan fentin hana tsatsa kafin damina, saman kuma ɗan mai a tsumma ya wadatar. A ajiye teburin a inuwa, don filet da ya sha ranar bazara ba ya taɓuwa.

Bokitin tartsatsi kuwa, ka sayi bokitin, ka cika shi da yashi, ka ajiye kusa da ƙofa. Kana gyaran janareta, fetur na kusa, injin gurza ƙarfe kuma yana watsa wuta nesa, kuma ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Galan ɗin mai ya kwana wajen ɗakin.

Ka zana duk wannan a takarda da awonsa, ka koma wurin mutanen nan, su za su nuna maka mai waldar da hannunsa ya faɗa. In sun sake tambayar silinda nawa, ka ce huɗu, kowace da notin balansinta. Sannan a bangon da ke saman teburin ka kafa allo da ƙusoshi, ka zana siffar kowace sifana a inda take rataye. Lamba 10 ka sayi biyu, don ita ce ke kwance rabin jikin babur da janareta, ita ce kuma maƙwabta suka fi ara.